Waken Da Ya Hau Dirkokin Bukka

Da farkon ɗari Uwale ta leƙo ta kan katanga, ta miƙo wa maƙwabciyarta Aisa wani ɗan ƙulli a tsumma. Iri ne, fari, dogo-dogo, bai yi kama da waken da Aisa ta sani ba. Ɗan Uwale ne ya zo da shi daga lambunan Jiratawa.

"Ariko aka ce mishi," in ji Uwale. "Ɗanye aka cin shi, da kwanso da komi. Ki shibka bayan ɗaki, ki daina zubda ruwan wanke-wanke a banza."

Aisa ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ba ta taɓa shuka komai ba a rayuwarta. A daji aka haife ta, arewa da Bader Gula, a can ta yi aure, a can ta haihu. Shekarar da ciyawa ta ƙi ce ta kawo su Dakoro, ita da mijinta Agali, bayan sun gama jan gawar dabbobinsu nesa da zango. Wani ɗan kasuwa da ke sayen raguna a hannunsu a da ya ba su aron ɗakin laka ɗaya a bakin gari. Agali ya koma kora wa mutane dabbobi a kasuwa, yana riƙe igiyar abin da ba nasa ba.

Abu ɗaya ya biyo su daga daji bai ragu ba, shi ne bukkar Aisa. Fatar rufinta tana naɗe a kan gado, dirkokin kuma suna ɗaure a rataye a jikin bango. A wurinsu Buzaye bukka ta mace ce. Uwa ke haɗa wa ɗiyarta ita, miji kuwa shigowa yake yi. Fatar, matan zango ne suka taru suka ɗinka da bikin Aisa, amma dirkokin sun girme ta. Na uwarta ne, manyan biyu na tsakiya ma tun na kakarta. Ice ne mara nauyi, wanda jaki ke ɗauka bai ji ba, an sassaƙa kawunansu da zane, hannayen mata sun shafe su har suna sheƙi.

Intalla, wan Agali, ya tsira da ƴan dabbobi. Ya yi alkawari duk damanar da garkensa ya farfaɗo zai ba su habbanaye, awaki da tumaki mata su riƙe har su haihu, ƴaƴan su zama nasu. A kan wannan magana suke zaune. Ba su cika yin zancen ba, amma Aisa ta sha kama Agali yana tsaye yana duban bangon nan, rawani a hannu bai naɗa ba.

Ta gyara wuri bayan ɗaki, faɗin tabarma biyu, ta zuba takin da Agali ya kwaso a kasuwa, ta shuka. Ruwan alwala da na ɗauraye kwano duk can suke tafiya, wata rana har da rabin bidon, jarkar ruwan da ta ɗebo a pompo. Waken ya fito da ƙarfinsa. Aisa ta bar shi ya yi yaɗo, don irin yaɗon da ta ga wake na yi ke nan a ƙarƙashin hatsi a gonakin da suke ratsawa bayan girbi. Sai dai wannan bai kwanta ba. Kawunansa suka yi ta tashi sama suna lilo, suna neman abin kamawa, in sun rasa su naɗe juna su faɗi. Ganyen ƙasa ya fara rawaya.

Uwale ta shigo ta gani, ta riƙe haɓa.

"Ke Buzuwa, kashe shi za ki yi? Wanga ba waken gona ba ne, hawa shikai. Ki sa mishi abin kamawa."

"Yaya Uwale, ni na san wake na hawa? Akuya na sani tana hawa."

"To ga akuyar da ba ta cin zane. Nemo ice."

Neman icen ne ya zama aiki. Na girki da ake sayarwa gajeru ne, a karkace. Na daji kuwa ma'aikatan gandun daji ba su bari a sara. Karan hatsi ma a Dakoro abincin dabba ne, kowa ya ɗora nasa a kan rumfa yana tsaro. Uwale ta zaro mata ƴan kaɗan daga nata. Aisa ta kakkafa, waken ya kama, amma da ya yi nauyi iska ta taso da hantsi, karan suka karye a tsaka, komai ya zube. Furen fari da ya fara fitowa ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ruɓe.

Ran nan ta daɗe tsugune a gaban lambun. Tun da suka zo garin nan, wannan ne abu na farko da ya rayu a hannunta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta kwance igiyar da ke bango, ta zaro ƙananan dirkokin gefe.

Agali ya dawo da la'asar ya tarar da su a tsaye bayan ɗaki, jere biyu, kamar yadda ake kafa su in an sauka sabon wuri. Ya tsaya. Ya ja amawalin rawaninsa ya rufe bakinsa sosai, sannan ya yi magana da harshensu, murya ƙasa-ƙasa.

"Tashi za mu yi ban sani ba?"

"Aro na ba wake," in ji Aisa. "Kafin zafi ya shigo waken ya gama, sai in cire."

"Aro."

"Aro mana. Suna rataye ba su aikin komai."

Ya kalli zanen da ke kan ɗaya daga ciki. Can ya ce, "Bukkarki ce." Ya wuce ya ɗauki buta. Bai ƙara ba, ba kuma zai iya ƙarawa ba, don namiji ba ya da baki a kan dirkar mace. Amma shayin ranar bai yi zubi na uku da ya saba ba ya kwashe kofuna.

Da safe Uwale ta zo ganin aiki. Ta shafa icen ta yi ta santi, sannan ta tsuguna ta tona gindin ɗaya da yatsa.

"Haka kika kahwa su, tsirara? Ki tumɓuke ki babbaka gindin da wuta. Ko ki aika garaji a samo miki baƙin mai ki shahe. Gara na nan wurin ga, ta ci mini ƙyaure."

Aisa ta dube ta kamar ta ce a yanka jariri.

"In sa wuta a dirkar uwata? In shafa mata man mota?"

"Gindin kaɗai, ke kuma."

"Yaya Uwale, icen nan ya girme ni, ya girme ki. Duk rayuwarsa a cikin ƙasa ya yi ta. Daga nan har gishirin Ingal babu ƙasar da bai shiga ba, gara ba ta taɓa shi ba. Ba irin icenku ba ne."

"To, mai icen sarauta," Uwale ta ce tana dariya, ta kakkaɓe hannu. "Ni dai na hwaɗi."

Aisa ba gardama take yi ba. Abin da ta sani ta faɗa, kuma gaskiya ne.

Daga nan ta shiga koyon waken. Ta tsaga kaba ta ɗaura daga dirka zuwa dirka, hawa-hawa. Kowace safiya ta ɗaga kan da ya sauka, ta naɗa shi a hankali a jikin ice. Da fari in ta naɗa, kafin azahar ya warware ya faɗo, sai ta lura ashe gefe ɗaya kawai yake bi. In ta juya shi ta inda yake so, ya kama ya ci gaba da kansa, in ta saɓa masa ya ƙi. Ta koyi ɗauri sako-sako don kada kaba ta yanke shi, ta koyi tsinke ganyen da ya taɓa ƙasa. Ruwa kuwa a gindi take zubawa, safe da yamma, daidai inda dirkokin suka shiga, don can saiwar take.

Waken ya kai ƙarshen ƙananan dirkokin ya wuce, ya sake lilo a sama. Wannan karon ba ta daɗe tana tunani ba. Ta fito da manyan biyu na tsakiya, ta haƙa rami mai zurfi ta kafa, ta gitta sandar da ke ɗaukar fata a kansu. Bangon ɗaki ya zama wayam, sai ƙusa da guntun igiya.

Ya yi fure, ya zuba ƴaƴa, dogaye, kore shar, suna reto ta ko'ina. Uwale ta koya mata yadda ake tsinke kai da gindi a soya da albasa. Agali ya leƙa kwanon ya ce, "A da dabbobi ke cin ciyawa mu sha nono. Yanzu an cire dabbobin a tsakani." Amma ya ci, ya kuma ƙara. Wata mai dafa abinci kusa da tasha ta riƙa aikowa ana ɗibar mata, sukari da ganyen shayi suka daina yankewa a gidan. Aisa ta ɗan yi ƙiba a fuska. Har waƙa Uwale ta ji Aisa tana yi can ƙasan maƙoshi.

Da zafi ya fara shigowa, fure ya daina zama. Uwale ta ce a bar na ƙarshe su bushe a jikin uwar don a samu iri, Aisa ta bari, ta ci gaba da ɗan yayyafa ruwa. Da irin ya bushe ta ɓare ta ƙulle. Ranar ta ɗauko wuƙa za ta yanke busasshen yaɗon ta cire dirkoki, sai ta tarar da Agali zaune a ƙarƙashi. Ya shimfiɗa buzu tsakanin manyan dirkokin biyu, ya jingina da ɗaya, ga gawayi ga butar shayi. Busasshen ganye ya yi masa rufi, rana na ratsowa ɗigo-ɗigo.

"Bar su tukuna," ya ce, bai dube ta ba. "Ɗakin nan tanda ne."

Ta gane ba zafin ɗaki kaɗai ba ne. Ta mayar da wuƙar. Ta ɗauko tsohuwar tabarma ta yafa a sama, ta zauna a gefen da mace ke zama. Duk bazarar nan a nan suka yi ta. Da yamma takan watsa ruwa a ƙasa don wurin ya yi sanyi. Wani lokaci Agali ya yi ta ba ta labarin rijiyoyin da ta riga ta sani, da sunan kowace, ita kuma ta saurara kamar ba ta taɓa ji ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata safiya waya ta yi ƙara a aljihun Agali. Intalla ne. Ruwa ya sauka a arewa, ciyawa ta tsaga, ya ware musu awaki da tumaki, har da jakai biyu na ɗaukar kaya. Su zo kafin zango ya tashi, don ba za a jira kowa ba.

Agali ya sauke wayar. Ya yi hamdala, ya sake yi. Aisa ta shiga ɗaki ta sauko da fatar ta baza a rana, ta bi ɗinkin da yatsa, babu inda ya ɓare. Ta fito da wuƙa, su biyu suka yi ta yanke yaɗo da kaba, ƙaiƙayi na zubo musu a ka, suna dariya.

Ta kama ƙaramar dirka ta farko ta ja. Ta fito da sauƙin da bai kamata ba. Abin da ke hannunta ya gaza tsawon da ta sani. Ƙarshensa ba tsini, sai wani baki-baki mai jar ƙasa a manne. Ta matsa da babban yatsa, yatsan ya shige. Fararen ƙwari ƙanana suka zubo suna gudu a bayan hannunta.

Ta ajiye ta a gefe. Ta ja ta biyu, ta ja ta uku. Wata ta fito da rabin gindi, wata ta bar shi duka a ƙasa.

Agali ya dafa babbar, wadda ya yi wata da watanni yana jingina da ita. Bai ma ja ba, girgizawa ya yi don ƙasa ta saki. Ta yi wata ƴar ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, ta karye daidai ƙasa, sandar sama ta zamo ta faɗi. Ya tare dirkar kafin ta kai ƙasa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Daga waje zanen yana nan, sheƙin yana nan, amma da ya ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ganga, har kusa da wuya. Garar ta bi ta ciki ta haura, ta bar bawo.

Aisa ta zauna a ƙasa, guntun icen a cinyarta.

"Ba ta taɓa ci ba," ta ce. "Tun kakata. Ba ta taɓa ci ba."

Tana faɗa tana jin amsar na zuwa da kanta. Yaushe dirkokin nan suka taɓa yin wata biyu a rami ɗaya? Ciyawa na ƙarewa ake tumɓuke su a ɗora wa jaki. Rairayin da suke shiga kuwa busasshe ne, mai zafi, ba wanda ke bin gindinsu da ruwa safe da yamma. Ba ƙarfin icen ne ya tsare shi ba duk shekarun nan. Tafiya ce.

Uwale ta ji shirun ya yi yawa ta leƙo. Ta ga abin da ke zube. Ta zagayo ta shigo ta zauna kusa da Aisa.

"Wayyo ƙanwata," ta ce. Ba ta ƙara komai a kai ba, Aisa kuwa ta gode mata a zuci.

Suka tattara. A cikin ƙananan, ƴan kaɗan ne za su iya tsayawa in an datse, su ma sun gajarce. Manyan biyu babu. Agali ya saɓa ɗaya ya kai wa wani tsohon maƙeri ɗan arewa da ke zama a gefen kasuwar dabbobi, wanda yanzu gyaran amalanke ya fi yi. Tsohon ya jujjuya ta, ya bi zanen da farce, ya faɗi sunan zuriyar maƙeran da suka sassaƙa ta. Ya ce itatuwan da ake yin irin wannan da su sun ƙare a wuraren da ya sani, kuma shi idonsa ya daina ganin zane. In suna so ya haɗa musu na ƙarfe. Agali ya ɗaga wani guntun ƙarfen ya ji nauyinsa, ya tuna da bayan jaki, ya tuna yadda ƙarfe ke zafi a rana har ya ƙone fata. Ya ajiye ya yi sallama.

Da yamma suka zauna a ƙofar ɗaki, don yanzu babu inuwa a baya.

"Mu tafi haka," in ji Agali. "Mu sayi bash, tamfol ɗin nan na leda, mu ɗaura a jikin kalgo. Mutane da yawa haka suke yi yanzu."

"Waɗanda ba a san su da bukka ba."

"Aisa."

"In sauka a zango in shimfiɗa leda, matan da suka yi rawa a gaban bukkar uwata suna kallo? Su tambaye ni ina dirkoki, in ce na ba wake?"

"To ki sauka wurin matar Intalla kafin mu ga yadda za a yi."

"Da furfurata in kwana a gefen gadon wata, kamar yarinyar da ba a kai ɗaki ba."

Ya san ba za ta yi ba, ya kuma san ba taurin kai ba ne. Macen da ba ta da bukka a zango baƙuwa ce, ko da mijinta ke da rabin garken. Ita ma ta san shi ba zai iya zama ba. In habbanayen nan ya wuce, Intalla na da surukai da ƙanne da ke jira, ba za a sake ware musu ba.

"Ni na ce ki bar su," ya ce can.

"Ni na kafa su."

Suka bar maganar a nan, ba wanda ya karɓe wa ɗan'uwansa.

"Kai ina za ka riƙa kwana?" ta tambaya.

"Bayan zango, wurin dabbobi. Inda samari ke kwana." Ya ɗan yi murmushi a bayan amawali. "Zan koma saurayi da tsufana."

Ba ta yi dariya ba.

Ranar tafiya ta raka shi tasha, abin da ba ta taɓa yi ba. Motar Bader Gula ta cika da buhuna da mutane a sama, yaran mota na ta ihu. Kayansa ba yawa, buzu da bargo da butar shayi da sanda. Ya ɗora, ya dawo ya tsaya gabanta.

"Zan duba ice a can. In mun yi arewa sosai, wataƙila a kwaruruka akwai saura."

"To."

"Wane tsawo ne na tsakiyar? Ban taɓa aunawa ba."

Ita ma ba ta taɓa aunawa ba, jikinta ne ya sani. Ta kwance igiyar da ke ɗaure da bargonsa, ta taka bakinta da ƙafa, ta ɗaga hannu sama har inda wuyan hannunta ke kaiwa in tana ɗora fata, ta ƙara kamu ɗaya na abin da ke shiga ƙasa, ta ƙulla. Mutanen da ke kan mota suna kallonta, ba su san me take yi ba.

"Miƙaƙƙe," ta ce. "Mai baki biyu a sama. Kada ya yi nauyi."

Ya karɓa ya naɗe igiyar a hannu, ya sa a aljihu. Shekarunsu na ƙarshe a daji, ita da shi sun ratsa kwarurukan nan ɗaya bayan ɗaya suna neman ganyen da za su kakkaɓo wa awaki, sun kuma ga abin da ya rage a cikinsu. Ba wanda ya ambata.

Direba ya danna oda. Agali ya taka taya ya hau, wani ya miƙo hannu ya ja shi. Bargon da ba igiya ya warware a kan buhuna, ya tattara shi ya danne da gwiwa. Motar ta yi gaba tana tangaɗi da nauyi, ta karya kwana wajen kasuwar dabbobi.

Aisa ta tsaya har wata mai tallan ƙosai ta ce mata, "Inna, matsa, amalanke na zuwa." Ta matsa.